Hannuwan da Suka Ɗauki Muryar Shata

Tun ranar 18 ga Yuni, 1999 Alhaji Mamman Shata ya riga mu gidan gaskiya, amma a nan Zakirai ta Gabasawa har gobe da wuya a yini ba a ji muryarsa ba. Mai shayi yana da shi a waya, mahauci yana kunna shi a gefen tukuba, direban da ke jigilar buhunan gyaɗa zuwa Kano yana sa shi don kada barci ya sace shi. Yaran da aka haifa bayan rasuwarsa sun haddace amshin waƙoƙinsa ba tare da kowa ya zaunar da su ya koya musu ba. Duk wanda ka tambaya zai ce maka Shata yake ji. Gaskiya ne, sai dai abin da ke shiga kunnen nan aikin mutane da yawa ne. A ƙarƙashin muryar akwai hannuwan makaɗa, a bayanta akwai bakunan 'yan amshi, kuma su ne suka ɗauke ta fiye da shekara 50 ba ta faɗi ba. Gwanintar wannan ƙungiya nake so mu duba, domin ita ce ba a cika yaba wa ba.

Sai mu fara da kalangun kansa. Icce ne ake fafewa, a bar shi da faɗi a baki biyu, siriri a tsakiya. Wannan shi ne kango. A rufe kowane baki da fata marar kauri, sannan a haɗa fatun biyu da tsarkiya, wato siraran igiyoyin fata da ke bin tsawon kangon daga wannan baki zuwa wancan. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa ya sa shi a hammata, hannu ɗaya riƙe da lanƙwasasshen ɗan icen kiɗi, ɗayan yana kan tsarkiya. In ya matse tsarkiya, fata ta ɗaure, sauti ya hau sama. In ya saki, ta yi sako-sako, sauti ya sauka. In kuwa ya buga yana cikin sakin, sai ka ji sautin ya taso daga sama ya gangaro ƙasa a bugu ɗaya.

Na taɓa zama kusa da wani makaɗi a gidan biki a nan Gabasawa, kafin a fara wasa, da sanyin hunturu. Bai yi wa kowa magana ba. Ya ɗora kalangun a cinya yana bin tsarkiya ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana jan wadda ta saki. Ya kanga fatar a gefen wuta na ɗan lokaci, ya shafa ta da tafin hannu, ya ɗan ƙwanƙwasa, ya karkata kai yana saurare, ya sake mayar da ita gefen wutar. Sai da ya yi haka har ransa ya kwanta, sannan ya miƙe. Bugun farko da ya yi, wata tsohuwa daga cikin gida ta rangaɗa guɗa, domin taken gidansu ya kaɗa, ita kuwa ta ji sunan kakanta a ciki sarai, alhali babu wanda ya buɗe baki.

Dalilin da ya sa ta ji shi ne Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana da matsayinta, ko sama, ko ƙasa, ko mai faɗuwa, kuma tana da tsawo ko gajarta. Kalangu yana iya bin wannan hawa da sauka daki-daki, saboda haka wanda ya san take zai ji magana a cikin bugu. Ganga mai fata a ɗaure wuri ɗaya ba ta da wannan sassauci. Shi ya sa kalangu ya fi yawancin kayan kiɗanmu kusa da bakin mutum, kuma shi ya sa mawaƙin da ke ƙirƙira nan take ya fi samun abokin tafiya a wurinsa.

Amma a da, kalangu ba kayan fada ba ne. Na mahauta ne a ranar kasuwa, na 'yan dambe ne da kaka, na 'yan mata ne a dandali da farin wata. Fada tana da nata: tambari da kakaki da algaita, sai kotso irin na Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, sai taushi irin na Salihu Jankiɗi da Sarkin Taushin Katsina. Makaɗin fada yana da ubangida guda, shi ke ba shi gida da doki da riga, shi kuma ba ya yi wa kowa waƙa sai da yardarsa. Shata bai fito daga wannan tsari ba. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923, kuma bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama maroƙi ba. Tallan goro da alewa ya fara yi, yana waƙa a dandali don nishaɗi, har waƙar ta rinjayi tallan. Daga baya ya zauna a Bakori, ya zauna a Funtuwa, ya zauna a Kano. Da yake kayan kiɗan talakawa ya ɗauka, bai zama na sarki ɗaya ba, kuma babu ƙofar da ta rufe masa. Kalangun da ake kaɗa wa mahauta shi ya shigar gaban sarakuna, har Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya zama babban masoyinsa, kuma a Daura aka binne shi.

To, yaya aikin yake tafiya in an tsaya a fili?

Kowace waƙar Shata tana da gindi, gajeren layi ɗaya ko biyu wanda yawanci sunan wanda ake yi wa waƙar ke ciki. Shi zai fara furta shi, 'yan amshi su karɓa, makaɗa su ɗora kiɗa a kansa. Daga nan gindin ya zama nasu. Shi kuma ya shiga kawo ɗiyan waƙa, yana zuba magana, in ya kai inda yake so ya tsaya sai su dawo da gindi, ya sake ɗauka. Wanda bai lura ba zai ce aikin 'yan amshi maimaici ne kawai, kowa ma ya iya. Ba haka ba ne. An san Shata da cewa ba ya zama a gida ya tsara waƙa ya bi ta da 'yan amshinsa kafin a fita. A fili yake yin ta. Ma'ana, mutanen da ke bayansa ba su san tsawon ɗan da zai kawo ba. Wani ɗan layi biyu ne, wani ya kai goma, wani ya fara kamar zai ƙare sai ya tuna wani abu ya zarce. Dole su gane daga yadda muryarsa ta fara gangarowa, daga inda ya ja numfashi, daga yadda ya juya kafaɗa, cewa yanzu ne. In suka shigo da wuri sun yanke masa magana a gaban jama'a. In suka makara an sami rami a waƙa, kowa kuma zai ji shi. Ka saurari kaset guda daga farko har ƙarshe kana neman wannan ramin, za ka sha wuya kafin ka same shi.

Amshin nan kuma shi ne lokacin tunaninsa. Daƙiƙun da suke rera gindi, a cikinsu yake numfasawa, ya dubi taro, ya ga wanda ya shigo, ya ji abin da sanƙira ke faɗa na sunan wane ɗan wane da garinsu da abin da ya bayar, ya ƙulla ɗa na gaba. Duk wanda ya taɓa shiga gayya a gonakin nan namu ya san wannan tsari: na gaba yana iya jan kunyarsa da ƙarfin zuciya ne saboda ya tabbata na bayansa suna tafe a jere, babu wanda zai bar tasa. In amshi ya yi rauni, jagora ba shi da inda zai jingina ya yi tunani, sai ka ji ya fara maimaita kansa.

Aikin makaɗan ya fi wannan ma wuya, domin su kala biyu suke yi a lokaci guda. Akwai masu riƙe ƙasa, ƙananan kayan kiɗa irin su kuntuku, waɗanda ba sa motsawa daga bugun da aka fara da shi ko da za a kwana. Su ne ma'aunin da kowa ke komawa gare shi. Sannan akwai babban kalangu, wanda ke yawo. In Shata yana jero sunaye, sai ya sassauta ya yi ƙasa don kowane suna ya fita. In ya yi kirari ya tsaya, sai kalangu ya amsa masa da irin karin maganar da ya faɗa, har ka rasa wa ke bin wani. In an zo amshi, ya kaɗa gindin tare da bakunan mutane. Akwai wuraren da Shata ke yin shiru gaba ɗaya ya bar wa makaɗa fili, su yi ta zuba, masu rawa su shiga, sannan ya dawo daidai kan bugun da ya bari. Wannan ba ya samuwa sai an daɗe tare. Mutum ne ya yi shekaru yana tsaye a bayan mutum ɗaya har ya san abin da zai faɗa kafin ya faɗa.

Yana da kyau a gwada da gidan Ɗanƙwairo don a ga bambanci, ba don a fifita wani ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, gadon kiɗa ya yi daga mahaifinsa, kuma gidansu da kiɗan noma suka fara kafin su zama na sarakuna. A tsarinsu ana shirya waƙa tun a gida. Jagora ya fara layi, 'yan amshi su karɓe shi su ƙarasa, wani ya yi ƙari, muryoyi su hau kan juna a tsare. Waƙar takan fito a gine, yadda aka yi ta jiya haka za a yi ta gobe, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ta Shata kuwa gindin ne kawai tabbas. Sauran duk na ranar ne.

Wannan shi ya sa lissafin waƙoƙinsa ya gagara. Mawaƙin Turai ko na Amurka yakan fitar da faifai da suna da shekara, masoyansa su jera su, su ce ga na farko ga na goma, ga inda salonsa ya juya, ga shekarar da mai ganga ya fita wani ya shigo. Shata shi kansa bai ƙirga nasa ba. Kuma ko da an ƙirga gindi, ba a ƙirga waƙa ba, domin gindi ɗaya yana iya samun ɗauka biyar, kowace da abin da ke cikinta.

Babu inda wannan ya fi fitowa kamar a Bakandamiya, waƙar da ya yi wa kansa kirari a cikinta. Ba rana ɗaya aka yi ta aka gama ba. Tare suka girma. Yadda ya yi ta yana da ƙuruciya daban, yadda ya yi ta bayan ya zaga ƙasashe daban, domin duk inda ya taka da duk wanda ya kara da shi suna iya samun wuri a ciki. Wanda ya sami ɗauka uku ko huɗu na Bakandamiya ya saurare su a jere, tarihin mutumin yake saurare daga bakinsa, kuma yana jin yadda ƙungiyar ke sauyawa a bayansa. A tsofaffin ɗauka muryar siririya ce mai kaifi, kiɗan yana gudu. A na ƙarshen rayuwarsa muryar ta yi kauri, ta yi nauyi, yana jan magana a hankali. Abin da ke burge ni shi ne makaɗan ba su tsaya kan gudun da suka saba ba. Sun sauko tare da shi, sun buɗe masa fili tsakanin bugu da bugu, suka bar tsufan muryar ya zama ado. Ni kam na fi son waɗannan na ƙarshe, ko da yake na san da yawa a majalisar mai shayi ba za su yarda da ni ba.

Na'urar ɗauka ma ta sa hannu a siffar waƙoƙin. Faifan garmaho na da, fuska ɗaya ba ta wuce minti uku ko ɗan fiye, don haka mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa dole ya datse ta, ya zaɓi ɗiyan da suka fi ƙarfi. Babban faifai irin wanda kamfanoni kamar EMI suka riƙa bugawa ya ba da kusan minti 20 a kowace fuska. Kaset ya zo da minti 30 ko 45, kuma ya zo da abin da ya fi haka: kowa na iya ɗauka. Mai biki ya ajiye rakoda a gaban makaɗa, a ɗauki wasan da hayaniyarsa da guɗarsa da muryar sanƙira, gobe a kwafa wa aboki. Ta haka waƙoƙin da ba su taɓa shiga ɗakin ɗauka ba suka bazu har ƙauyukan da Shata bai taɓa zuwa ba. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai muryarsa kowane lungu na Arewa, haka ma Rediyon Kano da gidajen talabijin suka yaɗa ta. Manomin Zakirai da ya rataya rediyo a reshen bishiya yana shara ko yana girbin gero, ta nan ya san shi.

In ka bi abin da waƙoƙin ke magana a kai, sai ka ga zamani yana wucewa. Akwai na dandali da na 'yan mata tun farko. Akwai na sarakuna da hakimai da dogarai, irin ta Hassan Sarkin Dogarai. Akwai na attajiran Kano da 'yan kasuwa da direbobi, mutanen da kuɗin gyaɗa da auduga da mota suka ɗaga, waɗanda makaɗin fada ba zai waiwaye su ba. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojoji. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa da kalangu, ya sa mutumin karkara ya ji labarin a cikin harshensa da kiɗan da ya sani. Ya yi na noma, ya yi na gargaɗi, ya yi yabon Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. A duk wannan sauyi kayan kiɗan ba su sauya ba. Bai ɗauko jita ba, bai ɗauko fiyano ba. Kowane sabon gindi, makaɗan ne ke nemo masa sabon kiɗa daga cikin icce da fata ɗin nan, kuma za ka iya gane yawancin waƙoƙin daga bugun farko tun bai buɗe baki ba.

Ba zan ɓoye ba, akwai waƙoƙinsa da ba kowane gida ake kunna su ba. Ya yi wa mashaya, ya yi wa Sarkin Bori Sule, kuma in ya juya ga zambo ba ya tausayi. Wanda ya faɗa bakinsa ya shiga uku, domin har jikokinsa sai sun ji. Malamai sun yi magana a kan wannan tun yana da rai, kuma suna da hujjarsu. Ni abin da na gani shi ne mutumin ya waƙe jama'arsa yadda ya same ta, da masallacinta da gidan giyarta, bai zaɓi masu farar riga kaɗai ba. Wanda ke son sanin yadda Arewa take tsakanin zamanin En'e da zamanin soja zai sami abin da littafin makaranta bai rubuta ba. Kuma ta fuskar kiɗa, a irin waɗannan waƙoƙi masu zafi ne makaɗan suka fi sakin hannu.

Masana ba su yi sakaci da shi ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, daga nan aka riƙa ce masa Dokta. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi shekaru yana tattara tarihin makaɗan Hausa da hanyar nazarin waƙoƙinsu. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah. Duk wannan aiki ne mai daraja, Allah ya saka musu.

Inda gyara ya rage shi ne a hannunmu. Je wurin mai cajin waya a bakin kasuwa ka ce ya zuba maka Shata a memori. Zai zuba maka da yawa a kuɗi kaɗan, ka gode masa. Amma buɗe ka gani: wata an rubuta mata lamba kawai, wata an sa mata sunan da ba nata ba, wata an yanke farkonta inda makaɗa ke shimfiɗa kiɗa kafin murya ta shigo, wai don kada ta ci wuri. Babu shekara, babu garin da aka yi wasan, babu sunan mai bikin, balle sunan wanda ya riƙe babban kalangu a ranar. An kwafa daga kaset zuwa kaset, daga waya zuwa waya, har ƙananan kayan kiɗan sun dushe, sai murya kaɗai ta rage a sama. Yaron da ya tashi da irin wannan ɗauka ba laifinsa ba ne in ya zaci Shata shi kaɗai yake waƙa. Su kuma matasan mawaƙanmu da ke haɗa kiɗa da kwamfuta a situdiyo, suna iya kwaikwayon sautin kalangu, amma na'ura ba ta jiran numfashin mawaƙi, shi ne ke bin ta.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ke da tsohon kaset na Shata a cikin akwati ko a adakar mahaifiyarsa, a Zakirai ko a ko'ina, musamman wanda aka ɗauka a gidan biki, kada ya zubar, kada kuma ya bar shi a inda zafi da ƙura za su cinye zaren. Ya nemi dattijon da ya halarci wasan tun yana da rai, ya tambaye shi shekarar, da garin, da wanda aka yi wa bikin, da sunayen makaɗa da 'yan amshin da ya iya tunawa, ya rubuta a takarda ya haɗa da kaset ɗin. Sannan a kai wa masu nazarin Hausa a jami'o'inmu ko gidajen rediyo su juya shi cikakke, daga bugun farko har na ƙarshe, ba tare da an yanke ko daƙiƙa ɗaya ba.